Salmanul Farisi: Daga Gidan Wuta Zuwa Gonar Dabino

Labarin nan Salmanul Farisi ne ya ba da shi da bakinsa, Abdullahi ɗan Abbas ya ji ya isar, Allah ya ƙara musu yarda. Ibn Ishaƙ ya kawo shi a cikin Sira, Imamu Ahmad ya kawo shi a Musnad ɗinsa. A wurin wa'azi yawanci guntu-guntu ake jin sa: yau a ce ya bauta wa wuta, gobe a ce shi ya kawo shawarar haƙa gwalalo. Sai an bi shi tiryan-tiryan ake ganin cewa bawan Allahn nan ba yawon ɗanɗane ya yi a tsakanin addinai ba. Yana da yadda yake gwada malami kafin ya sallama masa, kuma tun daga Sham har Madina bai sauya ma'auninsa ba.

Mutumin Asbahan ne, wato Isfahan ta ƙasar Iran a yau, daga wani ƙauye mai suna Jayyu wanda birnin ya riga ya haɗiye. (A cikin Bukhari ya ce shi ɗan Ramahurmuz ne, wani gari a kudu maso yammacin Iran. Mutum kan zama asalinsa wani gari, tashinsa wani.) Mahaifinsa shi ne dagacin ƙauyen, mai gandu da dukiya. Son da yake wa yaron ya kai har ya kulle shi a gida, in ji Salman, kamar yadda ake kulle budurwa. Addinin gidan Majusanci ne, addinin sarauta a daular Farisa ta gidan Sasan, mai gidajen wuta da manyan limamai masu faɗa a ji a fada. Salman bai riƙe shi da wasa ba. Ya dage har ya zama shi ne mai kula da wutar, shi ke iza ta, ba ya bari ta mutu ko da na sa'a ɗaya. Akan ɗauka duk wanda ya bar addinin iyayensa dama can riƙon sakainar kashi yake yi masa. Shi daga sahun gaba ya fita.

Sanadin fitarsa gini ne. Wata rana gini ya riƙe mahaifin, sai ya aike shi ya dubo gandu, ya kuma gargaɗe shi kada ya daɗe, domin in ya daɗe hankalinsa zai bar gandun ya koma kansa. A hanya ya bi ta gaban wata cocin Nasara, ya jiyo muryoyinsu suna ibada. Yaron da aka tsare a gida bai san abin da duniya ke ciki ba, sai ya shiga don ya gani. Sallarsu ta burge shi, ya ce a ransa, "Wallahi wannan ya fi addinin da muke kai." Bai bar wurin ba har rana ta faɗi, gandu kuwa ko hanyarsa bai kalla ba. Kafin ya tashi ya yi musu tambaya guda, kuma ba tambayar yaro ba ce: "Ina tushen addinin nan yake?" Suka ce, "A Sham."

Ya koma gida ya tarar an baza mutane nemansa. Uban ya ce, "Ɗana, ina ka shiga? Ba na gargaɗe ka ba?" Salman bai ɓoye komai ba. Ya ce, "Baba, na wuce wasu mutane suna salla a cocinsu, abin da na gani na addininsu ya burge ni, ina wurinsu har faɗuwar rana." Uban ya ce, "Ɗana, babu alheri a wannan addini. Naka da na kakanninka ya fi shi." Ya ce, "A'a wallahi, nasu ya fi namu." Nan take tsoro ya kama dattijon, ya sa masa mari a ƙafa, ya kulle shi. Kafin a yi wa uban hukunci, a tuna da inda suke. A daular Farisa Kiristoci suna da majami'unsu da shugabanninsu, sau da yawa ana ƙyale su, amma Bamajushe ɗan babban gida ya bar wuta ya bi su, laifi ne da kan kai mutum ga takobi.

Yadda ya gudu ma akwai tsari a ciki. Bai ɓalle marin a daren ba, domin da ya yi haka da an kamo shi kafin hantsi. Saƙo ya aika wa Nasaran nan: in ayarin fatake Kiristoci ya zo daga Sham, ku sanar da ni. Da ayarin ya zo suka sanar da shi. Ya sake aikawa: in sun gama cinikinsu za su juya, ku gaya mini. Sai a ranar tashinsu ya jefar da ƙarfen, ya shiga cikinsu. Daga ranar ba shi da uba, ba shi da gado, kuma ƙasar da ya nufa tana hannun Rumawa, abokan gābar Farisa, waɗanda ba a cika shekaru masu yawa ba a gwabza da su ba.

Da isarsa Sham ya tambaya, "Wa ya fi kowa a ma'abota addinin nan?" Aka nuna masa bishof na cocin. Ya je ya ce masa yana son addinin, yana so ya zauna tare da shi, ya yi masa hidima a cocinsa, ya koya a wurinsa, ya yi salla tare da shi. A lura da abubuwan da ya roƙa. Bai ce zai riƙa zuwa sauraren huɗuba ba. Hidima ya nema, kuma mai hidima shi ke ganin abin da masu zuwa ranar ibada ba sa gani: wa ke tashi cikin dare, wa ke barci, ina kuɗin da aka tara suke kwana.

Abin da ya gani bai yi daɗi ba. Bishof ɗin yana umartar mutane da sadaka, yana kwaɗaitar da su ladanta, in sun kawo sai ya taskace wa kansa, miskinai ko anini ba sa gani. A haka ya cika tuluna bakwai da zinariya da azurfa. Salman ya ce ya ƙi jinin mutumin ƙwarai. Amma bai buɗe baki ba sai da ya mutu aka taru za a binne shi, kuma ga dukkan alamu ya san matsayinsa: baƙo ne, Bafarishe, ba dangi, maganarsa ba za ta ɗaga ta bishof ba sai da hujja a hannu. Da ya faɗa musu suka ce, "Ta yaya ka san haka?" Ya ce, "Ku zo in nuna muku taskarsa." Aka tono tuluna bakwai maƙil. Jama'a suka rantse ba za su binne shi ba, suka gicciye gawar, suka jefe ta da duwatsu.

A nan ne mafi yawan masu nema suke zubar da kayansu. Mutum ya bar gida da iyaye saboda wani addini, malamin farko da aka ce ya fi kowa ya zamo ɓarawon sadaka. Abu mafi sauƙi shi ne ya ce duk kanwar ja ce, ya koma gida ya ba uba haƙuri, ko ya yi fatali da addini gaba ɗaya. Salman ya raba mutumin da abin da mutumin yake da'awa. Ya zauna ya ga wanda za a naɗa a gurbinsa. Wanda aka naɗa kuwa, Salman ya ce bai taɓa ganin wanda ba ya yin salloli biyar da ya fi shi ba, wajen gudun duniya da kwaɗayin lahira da dagewa dare da rana. Wannan yabo Musulmi ne, sahabi, yake yi wa malamin Kirista bayan shekaru masu yawa, kuma bai rage masa komai ba.

Ya zauna da shi har ajali ya zo masa. Sai ya yi masa tambayar da zai maimaita a bakin shimfiɗar mutum huɗu: "Wurin wa za ka yi mini wasiyya in je? Me kake umartata da shi?" Dattijon ya ce, "Ɗana, wallahi ban san wani a yau da yake kan abin da nake kai ba. Mutane sun halaka, sun canza, sun bar mafi yawan abin da suke kai, sai wani mutum a Mausil." Ya tafi Mausil, a gaɓar kogin Dijla a arewacin Iraƙi. Na Mausil bai daɗe ba ya rasu, ya tura shi Nasibin, garin da yau yake kudu maso gabashin Turkiyya a bakin iyakar Siriya, wanda a lokacin ya shahara da babbar makarantar ilimin addinin Kirista. Duka garuruwan biyu a ƙarƙashin Farisa suke a wancan zamani, kenan ya sake kutsawa cikin daular da ya gudo daga cikinta. Na Nasibin shi ma bai jima ba, ya tura shi Ammuriyya, can cikin ƙasar Rum, a tsakiyar Turkiyya ta yau ta wajen yamma.

A Ammuriyya ya daɗe har ya nemi na kansa, ya mallaki 'yan shanu da ɗan garken tumaki. Da ajalin wannan malamin ya zo, amsar ta bambanta. Ya ce bai san kowa da ya rage ba wanda zai tura shi wurinsa, amma zamanin wani Annabi ya kawo kai, wanda za a aiko da addinin Annabi Ibrahim. A ƙasar Larabawa zai fito, zai yi hijira zuwa wata ƙasa da ke tsakanin filaye biyu masu baƙaƙen duwatsu, da dabino a tsakaninsu. Yana da alamomi da ba sa ɓuya: yana cin kyauta, ba ya cin sadaka, kuma a tsakanin kafaɗunsa akwai hatimin annabci. "In kana da ikon isa ƙasar nan, ka isa."

Abin lura game da alamomin nan shi ne babu wadda take buƙatar muhawara ko zurfin Larabci. Biyu na wuri ne, ido ke gani. Uku na mutum ne, kuma ko bawa da ba shi da bakin magana a majalisa zai iya gwada su. Haka kuwa aka yi, domin a matsayin bawa ya isa.

Wasu fatake 'yan ƙabilar Kalb suka biyo ta Ammuriyya. Ya ce su tafi da shi ƙasar Larabawa, ya ba su shanunsa da tumakinsa ladan hanya. Suka karɓa. Da suka kai Wadil Ƙura, kwarin da ke arewa da Madina ta yankin Al-Ula, suka ci amanarsa, suka sayar da shi ga wani Bayahude. Kuskuren a fili yake: ya biya kuɗin duka tun kafin a tashi, kuma a hamadar Larabawa wanda ba shi da ƙabila ko mai ba shi kariya, hajar kasuwa ne ga duk wanda ya fi shi ƙarfi. Bukhari ya ruwaito daga gare shi cewa ya bi ta hannun iyayengiji fiye da goma, daga wannan zuwa wancan. A Wadil Ƙura ya ga dabino, ransa ya yi fatan ko nan ne, amma ya ce abin bai zauna masa ba. Alama ɗaya ce ta cika, shi kuwa ba ya sayen rabi.

Sai wani ɗan baffan ubangidansa, daga Banu Ƙuraiza, wata ƙabilar Yahudawa, ya zo daga Madina ya saye shi. Yana ganin garin ya gane shi da siffar da aka ba shi: filayen baƙaƙen duwatsun nan biyu, Harratu Waƙim ta gabas, Harratul Wabara ta yamma, gonakin dabino a tsakiya. Ya zauna yana bauta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shekara 13 a Makka yana kira, amma Salman ya ce ko labarinsa bai ji ba saboda aikin bauta da ya sha kansa.

A watan Rabi'ul Awwal na shekarar hijira, wanda ya dace da Satumba na 622, Salman yana can ƙololuwar wani dabino yana aiki, ubangidansa yana zaune a gindin. Wani ɗan baffan ubangidan ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "Allah ya halaka 'ya'yan Ƙaila! Wallahi yanzu haka suna can Ƙuba sun taru a kan wani mutum da ya zo musu daga Makka yau, wai shi Annabi ne." 'Ya'yan Ƙaila su ne Ausu da Khazraj, manyan ƙabilun Larabawa biyu na Madina. Salman ya ce makyarkyata ta kama shi har ya zaci zai faɗo a kan ubangidansa. Ya sauko yana ce wa mutumin, "Me ka ce? Me ka ce?" Ubangidan ya fusata, ya kai masa naushi mai ƙarfi, ya ce, "Ina ruwanka da wannan? Koma bakin aikinka." Ya ce, "Ba komai, so na yi kawai in tabbatar da abin da ya faɗa."

Duk da wannan ɗoki, da yamma ta yi bai ruga ya yi mubaya'a ba. Ya ɗauki ɗan abin da ya tara (a ruwayar Buraida ɗanyen dabino ne), ya tafi Ƙuba, ya ce wa Annabi (SAW), "An ce mini kai mutumin kirki ne, kuma tare da kai akwai abokai baƙi mabuƙata. Wannan wani abu ne da na ajiye don sadaka, na ga kun fi kowa cancanta." Annabi (SAW) ya ce wa sahabbansa, "Ku ci," shi kuwa ya kame hannunsa. Salman ya ce a ransa, "Ga ɗaya." A duba yanayin da kyau: mutane ne da suka ƙetaro hamada, suka bar dukiyarsu a Makka, abinci ya zo har gabansu. Wanda ya kame hannu a irin wannan hali ba don ƙoshi ya kame ba. Ga mutumin da ya ga tuluna bakwai na haƙƙin miskinai a ɗakin malaminsa na farko, babu alamar da za ta fi wannan shiga zuciya. Hukuncin kuma ya tabbata a shari'a: sadaka ba ta halatta ga Annabi (SAW) da iyalan gidansa, har ya taɓa sa jikansa Hasan ya tofar da ƙwayar dabinon sadaka da ya sa a baki.

Bayan Annabi (SAW) ya koma cikin Madina, Salman ya sake tara wani abu ya kai. Ya ce, "Na ga ba ka cin sadaka. Wannan kyauta ce, na girmama ka da ita." Ya ci, ya sa sahabbansa suka ci tare da shi. "Ga biyu."

Ta uku ta fi wuya, domin ba a cewa babban mutum ya tuɓe mayafinsa. Ya same shi a maƙabartar Baƙi'a, ya rako jana'izar wani sahabi, yana zaune cikin mutanensa. Ya yi sallama, sannan ya zagaya bayansa yana leƙe. Annabi (SAW) ya gane akwai abin da aka siffanta masa yake son tabbatarwa, sai ya zame mayafin daga bayansa. Sahabban da suka ga hatimin sun ce tsoka ce da ta ɗan taso kamar ƙwan tattabara, ta wajen kafaɗar hagu. Salman ya kife a kansa yana sumbata yana kuka. Annabi (SAW) ya ce masa, "Zagayo." Ya zagayo ya zauna a gabansa, ya ba shi labarin tun daga Jayyu, kuma Annabi (SAW) ya ji daɗin sahabbai su ji.

Musulunta ba ta cire masa bauta ba. Badar ta wuce a shekara ta 2, Uhudu a ta 3, yana gonar Bayahude. Sai Annabi (SAW) ya ce masa, "Ka yi yarjejeniyar fansar kai, ya Salman." Wannan hanya ce da Alƙur'ani ya buɗe a aya ta 33 ta Suratun Nur: bawa ya ƙulla da ubangidansa a kan wani adadi, in ya biya ya zama ɗa, kuma aka umarci masu hali su taimaka. Ubangidan ya yanka farashi mai karya ƙashin baya: dabino 300 da Salman zai dasa masa su rayu, da ukiya 40. Ukiya ɗaya dirhami 40 ce, kenan dirhami 1,600. Nisabin zakkar azurfa dirhami 200 ne, don haka ko da a ce da azurfa aka ƙiyasta, nisabi takwas ke nan aka ɗora wa mutumin da bai mallaki ko kansa ba.

Dabinon ma ya fi kuɗin wahala, kuma duk mai gonar dabino a Dutse ko Ingal zai gane dalili. Ba a kafa gonar kirki da ƙwallo, domin kusan rabin abin da zai fito maza ne marasa 'ya'ya, sauran kuma babu tabbacin su yi irin uwarsu. 'Ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa ake cirewa a dasa. Uwa ɗaya ba ta ba da su da yawa a rayuwarta, kuma sai ɗan ya shekara uku ko fiye a jikinta ya yi saiwarsa kafin ya isa rabuwa. In aka yanke shi ba saiwa, ya bushe. In aka nutsa shi da yawa a rami har ruwa ya shiga zuciyarsa, ya ruɓe. In ban ruwa ya yanke a makonnin farko, ya tafi. Asarar wani kaso a dashe abu ne da manomi ya saba da shi, sharaɗin kuwa ya ce ɗari uku rayayyu.

Annabi (SAW) ya ce wa sahabbai, "Ku taimaki ɗan'uwanku." Wani ya kawo dashe 30, wani 20, wani 15, wani 10, kowa gwargwadon abin da yake da shi, har suka cika 300. Sannan ya ce, "Je ka haƙa musu ramuka, ya Salman. In ka gama ka zo, ni zan sa su da hannuna." Ya haƙa, 'yan'uwa suka taya shi. Suka riƙa miƙa wa Annabi (SAW) dashen yana sawa ɗaya bayan ɗaya. Salman ya rantse da wanda ransa ke hannunsa, ko ɗaya bai mutu ba. Saura kuɗi. Aka kawo wa Annabi (SAW) curin zinariya kamar ƙwan kaza, ya ce, "Ina Bafarishen nan mai fansar kai?" Aka kira shi. Ya ce, "Karɓi wannan ka biya abin da ke kanka." Salman ya ce, "Ya Ma'aikin Allah, ina wannan zai kai a abin da ake bi na?" Ya ce, "Karɓa, Allah zai biya maka da shi." Ya auna musu ukiya 40 daga ciki, cif. Ya zama ɗa.

Yaƙinsa na farko shi ne na Gwalalo, a Shawwal na shekara ta 5. Ƙuraishawa da Gaɗafan da sauran ƙawayensu, kimanin 10,000, suka nufo Madina, Musulmi kuwa wajen 3,000 ne. Masu Sira sun kawo cewa Salman ne ya ce a Farisa in suka ji tsoron dawaki rami suke haƙawa su kewaye kansu. Ba duk garin aka kewaye ba. Baƙaƙen duwatsun nan biyu da aka ba shi alama a Ammuriyya su suka tsare gabas da yamma, doki ba ya iya sukuwa a kansu, gidaje da gonakin dabino suka tsare kudu. Arewa ce a buɗe, nan aka haƙa, dutsen Sal'u yana bayan rundunar. Aka yanka wa kowane mutum goma kamu 40, cikin sanyi da yunwa. Wuri ɗaya da ya yi ƙunci, ta nan Amru ɗan Abdu Wuddi da wasu 'yan mahaya suka tsallako, Aliyu ɗan Abu Ɗalib ya tare shi ya kashe shi. Bayan kusan wata guda rundunar ta watse. A wajen haƙan ne aka ce Muhajirai da Ansar suka yi jayayya kowa yana cewa Salman nasu ne, Annabi (SAW) ya ce na gidansa ne, ko da yake malaman hadisi suna da magana a kan isnadin wannan.

Wanda ya yi shekaru yana hidimar masu gudun duniya, za a zaci in ya musulunta shi zai fi kowa tsanani. Akasin haka aka gani. Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Abud Darda'i. Bukhari ya kawo cewa Salman ya kai masa ziyara ya tarar da Ummud Darda'i cikin tufafin aiki, ba ado. Ya ce, "Me ya same ki?" Ta ce, "Ɗan'uwanka Abud Darda'i ba shi da buƙatar duniya." Maigidan ya zo ya kawo abinci ya ce, "Ci, ni azumi nake." Salman ya ce, "Ba zan ci ba sai ka ci." Dole ya ci. Da dare ya yi ya tashi zai yi nafila, Salman ya ce, "Kwanta." Ya kwanta. Ya sake yunƙurawa, ya ce, "Kwanta." Sai can ƙarshen dare ya ce, "To yanzu tashi," suka yi salla tare. Sannan ya gaya masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Abud Darda'i ya kai maganar gaban Annabi (SAW), ya ce, "Salman ya yi gaskiya." A ganina babu sahabin da ya fi shi cancantar yin wannan gyara, domin ya ga rayuwar ruhubanawa, masu gudun duniya na Kirista, daga ciki, ya so masu ita, ya kuma ga yadda take ƙarewa da mutum ɗaya a gari ɗaya, ba magaji.

Haka kuma ba ya jin kunyar ƙananan hukunce-hukunce. Muslim ya ruwaito an ce masa cikin izgili, "Annabinku ya koya muku komai, har da shiga bayan gida?" Ya ce, "Ƙwarai kuwa." Ya lissafa: ya hana mu fuskantar alƙibla wajen bawali ko bayan gida, ko tsarki da hannun dama, ko da ƙasa da duwatsu uku, ko da kashin dabba, ko da ƙashi. Da aka saukar da Suratul Jumu'a aka tambayi Annabi (SAW) su wane ne "waɗansu daga cikinsu da ba su riske su ba tukuna", sai ya ɗora hannunsa a kan Salman ya ce da imani yana can wurin taurarin Surayya, da wasu mazaje daga cikin waɗannan sun kai gare shi.

A zamanin Umar, rundunar Sa'ad ɗan Abu Waƙƙas ta ci Mada'in, fadar sarakunan Farisa, a shekara ta 16, Salman yana cikinta. Shi da Huzaifa ɗan Yaman aka tura suka zaɓo filin da aka kafa garin Kufa. Daga baya aka ba shi gwamnan Mada'in. Masu tarihi sun ce rabonsa daga baitulmali dirhami 5,000 ne, yakan rabar da shi duka, ya ci daga saƙar ganyen dabino: ya sayi ganye na dirhami ɗaya, ya saƙa ya sayar dirhami uku, ɗaya ya koma jari, ɗaya cefanen gida, ɗaya sadaka. A rashin lafiyarsa ta ƙarshe Sa'ad ya je duba shi ya tarar yana kuka, wai yana tsoron ya ƙetare alkawarin da Annabi (SAW) ya yi musu na cewa guzurin ɗayansu a duniya ya zama kamar na matafiyi. Abin da ya bari, da aka ƙiyasta, dirhami ashirin da 'yan kai ne.

Ya rasu a Mada'in wajen shekara ta 35 ko 36 bayan hijira. Kabarinsa yana garin da yau ake kira Salman Pak, kudu maso gabas da Bagadaza. Akwai maganar da ta yaɗu cewa ya shekara 250, wasu ma su ce 350. Imamuz Zahabi, wanda da farko shi ma ya karɓi ta 250, ya dawo ya janye, ya ce da ya bi tafiye-tafiyensa da ƙarfinsa a wajen yaƙi, abin da ya fi kusa shi ne ya yi shekara saba'in da wani abu, kuma ba ya ganin ya kai ɗari.